Nima ko Madina: Tsohuwar Tambayar Mai Neman Ɗaki a Ankara



A zangunan Ankara, da zarar an shafa fatihar ɗaurin aure an raba goro, tambayar da ke biyo baya ita ce: ina za a kai amarya? Ango ya daɗe yana tara kuɗin adibas, dillali kuma ya zagaya da shi wurare biyu. Na farko ɗaki ne guda a Nima, cikin gidan haya mai tarin ɗakuna, famfo ɗaya, bayan gida na kowa da kowa ko ma na kuɗi a bakin layi, amma da ƙafa zai je gaida mahaifiyarsa, da ƙafa zai je masallacin da ya yi karatun allo. Na biyu ciki da falo ne a Madina, da makewayinsa da ɗan wurin girki, iska na shiga ta taga, sai dai haya ta fi tsada, kuma kullum sai ya yi sammako ya bi layin tirotiro. Uwa ta ce Nima, amarya ta ce Madina, abokai kuma kowa da tasa shawarar.

Mukan ɗauka tsadar zamani ce ta haifar da wannan gardama, alhali ta girmi Nima, ta girmi Madina. Fiye da shekara ɗari ke nan mutanen zango a wannan birni suna tsayawa tsakanin unguwa biyu, ta kusa mai cunkoso da ta nesa mai fili. Idan muka bi sawun magabatanmu muka ga yadda suka yanke shawara, da abin da suka samu da abin da suka rasa, angon yau ba zai rasa abin ɗauka ba.

Daga Zangon Malam zuwa Sabon Zango

Kakanninmu ta hanya biyu suka iso bakin teku. Wasu fatauci ya kawo su: ayarin goro da ke tasowa daga Kano da Katsina ya nufi Gwanja, ya sauke kaya a kasuwar Salaga. Wasu kuma aikin soja ya kawo su, musamman dakarun da Kyaftin Glover ya tara a yaƙin Ingilishi da Tonawa na 1873 zuwa 1874. A 1877 Turawa suka ɗauke hedikwatar Gwalkwas daga Cape Coast suka mai da ita Ankara, ciniki ya biyo gwamnati. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake da malamai suka watsu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu suka gangaro har nan.

Daga cikin malaman da suka riga kowa zama akwai Malam Idrisu Neno, mutumin Katsina. Shi ya nemi wuri a hannun mutanen Ga, masu ƙasar, aka kafa abin da ake kira Zangon Malam, inda a yau ake ce wa Zongo Lane, dab da kasuwar Makola. Sunan kansa ya faɗi niyyar masu shi. Zango wurin da ayari ke yada kaya ne ya huta kafin ya ci gaba da tafiya. Har yanzu taswirar birnin na ɗauke da shaidar wannan zama: Tudu, Fadama, Ruga, duk sunaye ne da harshenmu ya raɗa.

A wancan zamani baƙo ba ya neman ɗaki, maigida yake nema. In bafatake ya iso da dabbobi ko kaya, sai ya sauka a gidan mutumin garinsu. Maigida ya ba shi masauki da abinci, ya adana masa kaya, ya samo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi ciniki bashi, shi kuma ya samu la'adarsa. In baƙon ya yi rashin lafiya maigida ne mai jinya, in ya rasu shi ne mai jana'iza da riƙon dukiyarsa har magada su zo. Ɗakin kwana ƙaramin abu ne cikin wannan alaƙa. Babban abin shi ne mutum ya samu wanda zai ce: “Wannan nawa ne.”

Ba a daɗe ba zangon ya cika. Hausawa, Yarabawa, Fulani da sauran Musulmi suka yi ta ja-in-ja a kan limanci da shugabanci. A 1908 kuma annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa Ankara, gwamnati ta shiga rushe gidajen da suka cunkushe tana tura mutane bayan gari. Cikin wannan yanayi ne Malam Bako, ɗan Malam Neno, ya nemi fili a hannun sarakunan Ga na James Town, can hayin tafkin Korle, ya tashi da jama'arsa a farkon shekarun 1910. Wurin da ya sauka shi ne Sabon Zango.

Wannan shi ne karo na farko da aka ɗora mana tambayar. Mai zama a tsohon zango yana da kasuwa a ƙofar gida, ga mahauta, ga tashar jirgin ruwa, ga babban masallaci. Mai bin Malam Bako kuwa daji zai shiga, ya riƙa taka sayyada zuwa ciniki. Amma malamin bai tafi shi kaɗai ba. Ya tafi da 'yan'uwa da almajirai da barori, ya yanka musu filaye, aka tsai da masallaci da makaranta, aka naɗa masu unguwa. Yau in ka shiga Sabon Zango za ka tarar da gidajen gado da jikoki da tattaɓa-kunne ke ciki, birni kuma ya zo ya kewaye su har sun zama tsakiya. Tsohon zangon kuwa kantuna da rumbunan kaya sun cinye mafi yawansa. Wanda ya mallaki gida a can ya ci riba, wanda yake haya kuwa ciniki ya ture shi.

Nima: makiyayar da ta zama gari

Nima ma da farko bayan gari ce. Wajen 1931 Malam Amadu Futa, Bafulatani, ya karɓi fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu, inda ake tsai da shanu su yi kiwo kafin a kai su mahauta. Baƙi suka riƙa zuwa wurinsa, yana nuna wa kowa inda zai kafa ɗaki. Game da sunan, mutanen Ga sukan ce daga harshensu yake, ma'anarsa garin sarki, mu kuma mukan ji kalmar ni'ima a cikinsa. Kowane ɓangare da hujjarsa, kuma an zauna lafiya a haka.

Yaƙin duniya na biyu ne ya cika Nima. Sojojin Amurka da na Ingila suka kafa sansani kusa da filin jirgin sama, aka buƙaci kuku da boyi da lebura da maigadi da mai wanki da guga. Mutane suka kwararo daga arewacin ƙasar nan, da Togo, da ƙasar Moshi, da Zabarma, da Nijeriya. Da aka gama yaƙi, sojojin da suka dawo daga Bama da yawansu nan suka sauke jaka. Kuma da yake har farkon shekarun 1950 Nima tana wajen iyakar hukumar birni, ba wanda ya ja layi, ba wanda ya bar wurin titi ko magudanar ruwa ko makewayi. Kowa ya manna ɗakinsa a jikin na ɗan'uwansa. Lungunan da mutum biyu ba sa iya jerawa a ciki, da babbar kwatar da ke tsakanin Nima da Maamobi, duk gadon wancan lokaci ne.

Sai dai cunkoson nan ya haifar da wani abu da ba a tsara ba. Kotokoli da Zabarmawa da Dagomba da Moshi da Wangarawa da Busanga da Fulani suka wayi gari a tsakar gida ɗaya, suna jan ruwa a famfo ɗaya, dole su sami harshen da za su yi faɗa da sulhu da shi. Hausa ce ta ɗauki wannan aiki. Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasar nan, sai ga harshenmu ya zama na kasuwa da wa'azi da wasan yara a unguwar da ba mu muka kafa ta ba. Yaron Nima ba ya buƙatar malamin Hausa. Yana tsintar ta a wurin mai koko da ƙosai, a bakin teburin wake da shinkafa, a kasuwar Laraba, a majalisar samari masu shan ataya.

Wurin da aka raina jiya kuma yau ya zama zinariya. Kanda da Cantonments da unguwar filin jirgi da Ridge, inda manya da ofisoshin jakadanci suke, duk maƙwabtan Nima ne. Asibitin sojoji na 37 na kusa, Circle na kusa, babban masallacin ƙasa da aka buɗe a Kanda a 2021 da taimakon mutanen Turkiyya ana hango hasumiyoyinsa daga lungu. Direba da tela da mai gadi da mai sayar da abinci suna iya zuwa aiki ba tare da kuɗin mota ya cinye musu rabin abin da suka samu ba. Wannan kusanci shi ne babban jarin talakan Nima, shi ya sa yake haƙuri da zafin ɗaki da layin bayan gida.

Madina: hijirar da aka yi da jama'a

Labarin Madina ya fara ne da tashin dole. Wasu Musulmi da ke zaune a Shiashie, kusa da filin jirgin sama, aka ce su tashi domin gwamnati na bukatar wurin. Shugabansu, Alhaji Seidu Kardo, ya nemi sabon mazauni, sarautar La ta ba da fili a gefen hanyar Aburi, gaba da jami'ar Legon. A 1959 suka tare, suka raɗa wa wurin sunan birnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wanda ya san tarihin hijira ya san abin da suke nufi da wannan suna.

A idon ɗan Nima na lokacin, komawa Madina tamkar komawa ƙauye ne. Ruwa wahala, mota jefi-jefi, ciyawa har ƙugu. Amma fili na da araha, kuma jami'a na ɗaukar ma'aikata. Sannu a hankali waɗanda suka gaji da haya a Nima da Maamobi da New Town suka riƙa sayen fuloti, su zuba bulo ɗari yau, su kafa ɗaki biyu baɗi, su tare kafin a yi filasta. Kamar yadda aka yi a Sabon Zango, tafiyar ta jama'a ce: wanda ya riga zuwa ya nemo wa ƙaninsa filin da ke jikin nasa, malami ya biyo almajiransa, aka yi masallaci kafin a yi titi.

Yau Madina birni ce mai cin gashin kanta, da ƙaramar hukumarta tun 2012, da kasuwar da ke cikin manyan kasuwannin Ankara. Amma girman ya sauya ta. Akan da Ewe da Ga da sauran al'ummu sun rinjayi masu kafa ta yawa, zango ya koma yanki ɗaya daga cikin yankuna. A kewayen Zongo Junction za ka ji Hausa kamar kana Nima. Ka yi tafiyar minti kaɗan zuwa sababbin gine-gine, ko ka miƙe hanyar Adenta da Pantang da Oyarifa inda ma'aurata da yawa ke samun ɗaki yanzu, sai ka ji Twi da Turanci sun karɓe layi. Hanyar ma tana da nata haraji. Mai aiki a tsakiyar birni ya san cunkoson Tetteh Quarshie safe da yamma, kuma ba mu manta yadda babban titin Madina zuwa Adenta ya riƙa cin rayukan masu tsallakawa ba, har jama'a suka fito zanga-zanga a Nuwamban 2018 kafin a kammala gadojin ƙafa.

Yadda maigida ya koma mai karɓar haya

Tsakanin zamanin Malam Bako da namu abubuwa biyu sun faru da suka sauya ma'anar zama a zango. Na farko shi ne dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta fitar ranar 18 ga Nuwamba, 1969, ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ba gidan zango da wannan iska ba ta taɓa ba. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba, suka hau manyan motoci. Gidaje da rumfuna aka sayar da su a wulaƙance, wasu aka bar wa maƙwabta amana ba a sake komowa kansu ba. Ranar muka gane cewa shekara hamsin a unguwa ba ta tsaya wa mutum in ba takarda a hannunsa.

Na biyu ya zo ne a hankali, ba doka ba shela. Da fatauci na ayari ya mutu, baƙo ya daina zuwa da kayan da maigida zai ci la'ada a kai. Magada suka yi yawa, gida ɗaya ya rabu kashi-kashi, kowane ɗaki ya zama abincin wani. Zaure da ɗakin baƙi aka sa musu ƙofa aka ba da haya. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar adibas fiye da na wata shida, amma kowa ya sani shekara ɗaya ko biyu ake nema, kuma mai neman ɗaki ba ya kai ƙara ofishin kula da haya, don yana tsoron a ba wani. Har gwamnati ta kai ga buɗe shirin ba da rancen kuɗin adibas a 2023, abin da ke nuna nauyin ya kai inda ya kai. Kalmar maigida tana nan a bakinmu, amma sau da yawa wanda muke kira da ita bai san sunan 'ya'yanmu ba.

Wannan ne ya sa zaɓen angon yau ya fi na kakansa wuya. Kakan in ya tashi, da malaminsa da mahaucinsa da ungozomarsa yake tashi. Jikan kuwa dillali ne ke kai shi, ya sauke shi cikin gidan da ba wanda zai amsa masa sallama da harshensa.

Abin da za a auna

Ba za mu ce wa kowa ga inda zai zauna ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma tarihin nan ya bar mana ma'auni.

Wanda ya zaɓi Nima ya zaɓi mutane. Matarsa in ta haihu ba za ta rasa mai dafa mata ruwan wanka ba, 'ya'yansa za su tashi da Hausa da karatun allo ba da wahala ba, in ya faɗi akwai mai ɗaga shi. Farashin da zai biya shi ne ƙunci, da rashin sirri, da yaran da lungu zai riƙa yi wa tarbiyya tare da shi, mai kyau da marar kyau. Hatsarin da ya fi girma kuwa shi ne daɗin zama ya shagaltar da shi har tsufa ya same shi a ɗakin haya, kamar yadda ya faru da masu hayar tsohon zango. Ƙasar Nima tana ƙara daraja, benaye suna tasowa a bakin titi, kuma duk ranar da magada suka sayar da gida, ɗan haya ne farkon fita. In za a zauna, to kuɗin motar da aka huta biya a zuba shi a susu da niyyar fili.

Wanda ya zaɓi Madina ko bayanta ya zaɓi sarari. Iyalinsa za su sami iska da kewaye da kwanciyar hankali, kuma ya kusanci inda har yanzu ake iya sayen fuloti. Farashinsa shi ne sa'o'in da hanya za ta ci, da zumuncin da zai koma na waya da ranar suna, alhali Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Akwai kuma asarar da ba a ganinta sai bayan shekaru. Da yawanmu mun ga jikan da aka kawo wa kakarsa gaisuwar salla, ta ce masa “Yaya karatu?” ya juya yana kallon uwarsa ta fassara. Twi da Turanci ba abokan gabarmu ba ne, yaranmu na bukatarsu don makaranta da neman abinci. Amma harshen da ba a jin sa a layi, in ba a riƙe shi a ɗaki ba, cikin tsara ɗaya yake tafiya.

Don haka mai niyyar fita ya yi koyi da Malam Bako da Alhaji Seidu Kardo, kada ya fita shi kaɗai. Ya nemi inda wani nasa ya riga shi, ko ya ja aboki ko ƙane su kama ɗakuna kusa da juna. Kafin ya tambayi kuɗin wata, ya tsaya a ƙofar gidan lokacin magariba ya ji ko kiran salla na isowa, ya tambaya ina makarantar allo mafi kusa, ya ga wa matarsa za ta ƙwanƙwasa wa ƙofa in dare ya yi tsakiya yana wurin aiki. Larabawa sun ce a nemi maƙwabci kafin gida.

Ko ina aka zaɓa kuma, akwai abin da bai kamata a yi sakaci da shi ba. A je ganin ɗaki da damina, a duba alamar ruwa a jikin bango, domin wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni, 2015 da abin da ta haddasa a Circle ba ya wasa da bakin kwata. A san wanda ke da ikon ba da ɗakin cikin magada. A rubuta yarjejeniya, a karɓi rasit na kowane sidi, ko da mai gidan kawu ne. Kunya ba ta hana rubutu, kuma 1969 ta isa darasi.

Kalma ta ƙarshe ga waɗanda Allah ya ba gidajen gado a cikinmu. Filayen da kuke karɓar haya a kansu, kakanninku sun same su ne saboda wani ya karɓe su suna baƙi. Ba a ce ku ba da ɗaki kyauta ba, zamani ya wuce nan. Amma rage wa sabon ango adibas daga shekara biyu zuwa wata shida, ko yi masa haƙurin wata guda in ciniki ya tsaya, yana iya zama dalilin da zai sa iyali guda su zauna cikin jama'arsu maimakon su ɓace a bayan gari. Allah ya ba masu nema masauki na alheri da maƙwabta na gari, ya jiƙan magabatanmu da suka share mana waɗannan wurare. Amin.